Allo a Ƙarƙashin Amya

Tinkara ce ta kawo shi daga Ljubljana
a cikin leda mai sheƙi kamar bayan kifi.
Ta ce, "Kaka, buɗe hannu."
Na buɗe. Bai fi kwalin ashana ba,
da ƙafafu talatin jere gefe da gefe
kamar ƙwaron da ya sandare a tsaye.

Na ce, "Me yake ci?"
Ta ce, "Bolt uku da ɗigo uku.
Kar ka yi masa gyara."

Ni Lovrenc, shekara hamsin da ɗaya ina kiwon zuma
a gindin dutsen nan da ba ya cire hular ƙanƙara sai Mayu.
Ubana kunne yake karawa a jikin amya,
in ya ji gunjin ciki ya gyaɗa kai,
in bai ji ba ya yi shiru, ya tafi dafa sukari.
Ni ma haka na gada,
sai dai kunnen hagu ya riga ni ritaya.

Ta share teburin girki, tana nuna mini da bakin cokali:
wannan baƙin ɗan murabba'i shi ne ƙwaƙwalwa,
zuciya biyu gare shi,
kowace na bugu miliyan ɗari biyu da arba'in a daƙiƙa guda.
Rumbunsa megabait huɗu.
Wannan zanen tagulla mai kama da sawun tsutsa,
eriya ce, ta nan yake gulma da gida ba waya.
Ƙafa biyu na sikeli, ɗaya ta ma'aunin zafi,
sauran su zauna, ranarsu na zuwa.
Na ce, "Bugu miliyan, don auna akwati ɗaya?"
Ta ce, "Yawanci barci yake.
Ya farka kowace awa, ya auna, ya faɗa, ya koma.
Da haka batir ɗaya ke kai shi bazara."
Na ce to, ashe ɗan'uwana ne.

Ranar da ta koma makaranta na sa tabarau,
na ɗumama dalma, hannu na rawa.
Sauri ya haifi nawa:
na ba shi biyar a inda ya ce uku.
Hayaƙi siriri ya tashi,
ba irin wanda nake busa wa zuma su kwanta ba.
Na rufe shi a kwalbar jam, ban faɗa wa kowa ba
sai da ta kira ta ce, "Fitilar na ƙiftawa?"

Na biyun ya zo ta gidan waya.
Wannan karon na auna sau uku kafin na taɓa.
Shuɗiyar fitila ta ƙifta, ta ƙifta.

Duk tsawon sanyi yana aiko mini da lamba:
kilo talatin da ɗaya, talatin da rabi, talatin.
Suna ci, ke nan suna raye.
Ban ɗaga murfi ko sau ɗaya ba.

Ran sha tara ga Mayu, ina tsakar shan miya,
waya ta yi ƙara: kilo biyu sun ɓace a awa guda.
Ba ɓarawon da ke satar kilo biyu da rana tsaka.
Na bar cokali, na fita da takalmin ɗaki.
Ga su can, dunƙule a reshen tuffar Zdenka,
tsohuwar sarauniya da rabin garinta,
suna shawarar inda za su nufa.
Na tara kwando, na girgiza reshe.
Zdenka na ta faɗa daga taga, ina ta ba ta haƙuri.

Da yamma na durƙusa, na share wa allon raɓa.
Sannan, da na ga ba mai kallo,
na kara kunnen dama a jikin katako.